Algaitar Saje Dogara a Ƙofar Ofishin Alhaji

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a wurina a unguwar Xiaobei ya san Saje Dogara, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai furfura da ke zama a kujerar bakin ƙofa, yana cin abincinsa shiru, ƙafarsa ɗaya tana buga ƙasa tana bin wani kiɗan da mu ba ma ji. Ni Mero na daɗe ina sayar da abinci a Guangzhou, na ga 'yan kasuwa iri-iri, na Kano da na Maraɗi, masu kirki da masu kirkin baki kawai. Amma abin da aka yi wa bawan Allahn nan, har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Mutumin Zariya ne. Yana saurayi ya shiga soja, aka tura shi badujala, aka ɗora masa irin algaitar nan ta mutanen Sukotlan, mai jaka kamar salka da ake matsewa a hammata, sandunanta suna kwance a kafaɗa. Wani tsohon samanja da ya koya a hannun Turawan kansu shi ya koya masa. Saje ya sha gaya mini cewa taken mutanen nan ba a busa shi kara zube, kowanne da muhallinsa. Akwai na fareti, akwai na rawa wanda a can ƙasarsu har da goge ake haɗawa, akwai kuma wani mai sanyi da ba a taɓa shi sai don mamaci. Wannan na ƙarshe ya busa shi har ya gaji lokacin da aka kai su Laberiya, domin abokansa da dama can suka kwanta.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ƙi masa daɗi. Sai ɗan ƙanwarsa, Alhaji Abdulgani, mai kamfanin tura kaya Nijeriya, ya kawo shi nan. Aikinsa ya karɓo dilolin da 'yan kasuwa suka sayo a kasuwar Baima, ya ɗaure, ya rubuta suna, ya tsaya a loda su a kwantenar da za ta tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha. Aikin ƙarfi ne ga mai shekarunsa, amma bai taɓa kuka ba, saboda 'yarsa Radiyya tana karatun likita a garin nan, shi ke ɗauke da ita. Takardar zamansa kuwa da sunan kamfanin Alhaji ake sabunta ta. Duk ranar da Alhaji ya janye hannu, sai Saje ya kama hanyar gida, karatun yarinya ya tsaya.

Algaitar nan ba a busa ta a ɗaki, don maƙwabta za su kira 'yan sanda kafin ka cika jakar da iska. Saboda haka da safiyar Lahadi yake zuwa bakin kogi, inda tsofaffin Sinawa ke motsa jiki. Akwai wani tsoho mai gogen nan nasu mai tsirkiya biyu da ya ɗauke taken rawar da kunne, sai su haɗu su yi ta yi. Wannan ba ya jin Hausa, wancan ba ya jin Sinanci, amma ba su taɓa saɓa wa juna ba.

Taken makokin kuwa sau ɗaya yake busa shi a shekara, cikin Janairu, ranar da ake tuna sojojin da suka rasu. Yakan goge riga, ya tsaya ƙyam yana fuskantar ruwa, yana busa yana kiran sunayen abokansa a zuci, ɗaya bayan ɗaya. In ya gama sai ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, ya naɗe kayansa ya tafi aiki.

To, bana wani mai wucewa ya ɗauke shi a waya yana busa taken makokin nan, abin ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani Basine da Alhaji ke haɗa hannun jari da shi. Mutumin ya ce busar ta ratsa shi. Daidai lokacin kuma suna shirin buɗe sabon ofis a titin Guangyuan. A gabana Alhaji ya zo ya sami kawunsa yana cin tuwo, ya tura masa waya a gaban kwano.

“Kawu, wannan za ka busa mana ranar buɗe ofis. Lawban ya ce ita yake so.” Lawban shi ne maigida a bakin mutanen nan.

Saje ya duba, ya cire hannu daga tuwon. “Alhaji, wannan ta mamata ce. Ina da na fareti, ina da na rawa masu daɗi, ka zaɓi duk wadda ta yi maka.”

“Wa ya sani a nan? Kiɗan Turawa ne fa, Kawu, ba aya ba ce.”

“Ni na sani.”

Alhaji ya yi dariyar nan tasa ta wanda bai saba a ce masa a'a ba. Ya mayar da waya aljihu, ya ce, “Ka yi tunani dai. Af, takardarka ma wata mai zuwa za ta ƙare, ko? Ka tuna mini, abubuwa sun yi mini yawa kwanan nan.”

Ludayi na hannuna a lokacin, Allah ne kaɗai ya riƙe ni. Na ce, “Alhaji, wan mahaifiyarka ne fa.” Ya ce, “Hajiya, ke dai ki kula da miyarki.” Ya fita, ko sallama babu. Ni ban ga laifin Basinen ba, bai san abin da ya ji ba. Amma wanda aka gaya wa baki da baki cewa abin nan na matattu ne, ya ɗauki karatun ƙanwarsa Radiyya ya ɗora a wuyan dattijo, wannan ban san sunan da zan kira shi da shi ba. Mutum ne da ba ya fashin sahun gaba ran Juma'a, kuma a bakinsa ka fi jin maganar zumunci.

Na ce wa Saje ya ƙi, ko ya busa musu wata daban, ai ba za su gane ba. Ya ce Alhaji zai gane, don kullum yana sauraronta a mota. Ya ce kuma shekara biyu suka rage wa Radiyya.

Ni na kai abincin bikin, don haka da idona na gani. An jera kwandunan furanni a ƙofa da jajayen ƙyallaye, ana ta tafi, ana ɗaukar hoto. Saje ya fito da gogaggiyar rigarsa, ya tsaya ƙyam, ya busa. Bai rage komai ba, bai yi sauri don ya huta ba, yadda aka koya masa haka ya yi ta. Mutane suna tauna cinyar kaza, wani yana ciniki a waya, wata tana gyara ɗankwali a bayansa don ta fito a hoto. Da ya gama, Alhaji ya manna masa kuɗi a goshi kamar wani maroƙin biki.

Washegari ya zo cin abinci, ƙafar nan ba ta motsi. Na zuba masa, na zauna kusa da shi, abin da ban saba yi ba.

“Hajiya Mero,” ya ce, “ina cikin kiran sunayensu jiya, na zo kan wani yaro ɗan Gusau da muka kwana rami ɗaya, na nemi sunansa na rasa. Har yanzu ban samo shi ba.”

Na tashi na shiga kicin, na yi kukana a kan tukunya.

An sabunta masa takarda, Radiyya tana karatunta, ba ta ma san abin da ya faru ba, don ya roƙe ni kada in faɗa mata. Tsohon nan mai goge, an ce ya yi ta zuwa bakin kogi yana dube-dube ko zai ga Saje, har ya daina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Alhaji ya sa an naɗi busar ranar, ya saka ta a ƙaramar lasifikar da shagunan nan ke ratayewa a ƙofa don jawo masu saye. Tun safe take yi har a tashi, in ta ƙare ta koma farko. Ta ƙarƙashinta Saje ke wucewa, da dilar atamfa a kafaɗa, ya shiga ya fita. Na taɓa tambayarsa ko ba zai sa hannu ya kashe ta ba in Alhaji ba ya nan. Ya ce mini ba a katse ta a tsakiya, sai ta kai ƙarshe.