Wayata ta jefa ni tsakiyar dam ɗin Tiga

Jama'a, yau wayata ta nutsar da ni a ruwa ina tsaye a ƙofar gida!

Na je Tiga ɗauko kakata, Inna, zan kai ta asibiti Kano a duba mata ƙafa. Na buɗe manhajar kiran mota, na yi sa'a akwai direba a Kwanar Dangora, ya sauke fasinja zai koma. Ya karɓa. Can sai ga kiransa.

"Malam, kana ina?"

Na ce ƙofar gida.

"To ni nan ana nuna min kana tsakiyar dam. Mota gare ni, ba kwalekwale ba."

Na duba. Wallahi ɗigon da ke nuna inda nake yana tsakiyar ruwa! Na kashe data na kunna, yana ruwa. Na kashe wayar gaba ɗaya na kunna, yana ruwa. Na ɗaga ta sama na zagaya gida. Ko motsi!

Inna ta ce, "Miƙo in gani."

Na ce, "Inna, shuɗi ne kawai."

Ta ƙura ido, ta tambayi ina titi, ina dutse. Na nuna mata. Sai ta ce, "Ai garinmu ne, kafin ruwa ya cinye shi. Nan na haifi ubanka."

Na ce bari in goge manhajar in sake saukewa. Ta riƙe wayar gam.

Direba ya gaji ya tafi. A bas muka zo, wayar na hannunta har Kano. Wai kar in kuskura in gyara, duk zuri'arta wayar nan ce kaɗai ta tuna gida.