Alti da Tsawar Kawu Sanda

Ku da kuka san Kawu Sanda na Dingyaɗi kun san ba a yin tsawa ya yi shiru. Sai ya yi tasbihi, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Altitonans!" Harshen Latin ne, wanda aka ɗura masa a makarantar kwana. Duk sauran ya zube, wannan kalma ɗaya ta maƙale.

Abin da ya ɓata lamarin, sunan matarsa Altine, muna ce mata Inna Alti, kuma in ta yi magana a tsakar gida ana ji har gonar albasa. Kullum damina sai an yi rigima, shi kuwa babban burinsa ta yarda ba da ita yake ba.

"Malam, mi nit tona maka da kullum sai ka ce Alti ta tona?"

"Ba ke ba! Alti, sama. Tonans, mai tsawa. Mai tsawa daga sama!"

"Au! Yanzu kuma ni ta mai tsawa?"

Ran nan gaya ya ci tuwonsa, ba miya.

Liman ma ya taɓa jan shi gefe. "Malam Sanda, wanga suna da kake kira, ba na aljani ba na?"

"Sifa ta, Liman, ba suna ba! Kuma ba ta canza riga. Namiji, mace, har abin da ba namiji ba mace ba, duk altitonans."

Liman ya ja da baya. "A'uzu billahi! To ai aljanin ke nan!"

Ni kuma na zo daga Shagari da sabuwar waya, na ce bari in duba masa kalmar. Ya ture hannuna. "In ta yarda da ni, ba ta ƙare ni da komi ba. In ta saɓa, ƙarya takai." Kai, Kawu!

Da bazara ya rasu. Ranar ruwan fari muna zaune a rumfar Inna aka saki tsawa. Sai Inna ta yi tasbihi, ta ɗaga yatsa, ta ce, "Altitonans." Daidai, ko harafi ba ta ci ba.

"Tun shekarar farko na san ba da ni yake ba," ta ce, tana share ido da gyale. "Bayanin nai nike son ji."

Ni ma na yi kuka. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Inna haƙurin damina.