Shaidar Baba Hamadu

Har yau ina ganin ranar kamar jiya, ranar da aka kawo alƙalai daga Yawunde su zaɓi kamfanonin da za su ci gaba. Ku da kuka shigo aikin yanzu kun tarar da cibiyar ta zama bene. A lokacinmu ɗakuna ne kaɗan a bayan kasuwar Garwa, da bishiyar darbejiya a ƙofa, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa.

Ni aikin shayi da shara aka ɗauke ni. Amma da yake na yi makarantar manya na kama Faransanci gwargwado, ga Hausa ga Fulatanci, sai Direkta ya riƙa kirana in yi tafinta idan an yi baƙi daga ƙauye. Yaran da ake horarwa kuwa Dada suke ce mini, wato uwa da Fulatanci.

Tsarin shi ne, a ɗauki ƙananan kamfanoni na matasa, a ba su wurin zama da intanet da masu koyarwa na wasu watanni, a nuna musu yadda za su shiga harkar sararin samaniya. Maƙwabtana sun ɗauka roket muke ƙerawa. A'a, hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗauka daga sama ne yaran suke koyon karantawa, su mai da su sana'a. A ƙarshe alƙalai su saurari kowa, su zaɓi kaɗan, sauran su koma gida.

Cikin yaran akwai Hapsatu, 'yar masu sayar da banda a Lagdo. Aikinta duba gonakin shinkafa daga sama, ta gaya wa manomi inda ruwa bai isa ba tun ganyen bai nuna ba. Mahaifinta ya yi mata iyaka: in ba a zaɓe ta ba, ta dawo rumfar kifi, wasan ya isa haka. Takan zauna kusa da murhuna tana cewa, “Dada, ni fa na gaji da warin hayaƙi.” In ce ta sha shayinta tukuna.

Ƙa'ida ce kowane kamfani ya kawo mutum ɗaya da ya amfana ya ba da shaida. Ita ta kawo Baba Hamadu, dattijon da ta yi wa gonarsa aiki, ta gano masa magudanar da ta toshe a can ƙarshen fili. Duk Lagdo an san shinkafar da ya girbe a waccan shekarar ba ta misaltuwa. Ya zo cikin babbar riga, ya cire takalmi a ƙofa, sai da na roƙe shi ya mayar.

Shugabar alƙalan, wata madam mai tabarau, ta ce in tambaye shi ko amfanin gonarsa ya ƙaru.

Ya dubi ƙasa ya ce, “To, alhamdulillahi. Mun samu na tuwo.”

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta ce, ya ƙaru ko bai ƙaru ba? Na ce, “Baba, suna so su ji ko yarinyar nan ta taimake ka.”

“Hajiya, Allah ne mai bayarwa. Yarinya dai tana da ladabi.”

Sai a lokacin na tuna. Mu duka mun manta, har ni da na girma cikin abin. Manomin Lagdo ba ya yabon rumbunsa a gaban baƙi, tsoron baki. Ko wuƙa za ka sa masa a wuya, “ba laifi” za ka ji. Na ƙara wa madam bayani cewa al'adarmu ce haka. Ta gyaɗa kai cikin mutunci, amma na ga ta ajiye alƙalami. Direkta yana share zufa. Hapsatu ta tsaya jikin allo, idonta ya kawo ruwa, ta kasa kallon kowa.

Aka ce an gode wa Baba, yana iya tafiya. Ya miƙe, ya kai ƙofa, sai ya juyo wajen Hapsatu.

“'Yata, in kin gama da baƙin naki ki fito. Mutanen nan tun safe suke jira, kuma motar Lagdo ba ta jiran kowa.”

Madam ta ce, waɗanne mutane? Ni ma ban sani ba, ina ciki da butar shayi tun safe. Na ɗaga labule. Ƙarƙashin darbejiya cike yake da manoma, wasu a tsugune, wasu bisa moto, wato babur, har da mata biyu da goyo. Na ce, “Baba, su wa ke nan?”

“Ƙanena ne, da surukaina, da maƙwabtan gona. Sun ce tunda zan zo, su ma a duba musu tasu daga sama. Na ce kada su biyo ni, suka ƙi ji.”

Na fassara. Madam ta taso da kanta ta leƙa, ta daɗe a tsaye. Daga nan ta yi dariya ta ce in tambaye shi, in dai na tuwo kawai ya samu, me ya kawo waɗannan duka? Baba ya gyara hula ya ce, “Ki ce mata su ma tuwon suke so.”

An zaɓi Hapsatu. Da yamma ta rungume ni a bakin murhu har ta kusa kifar da buta, sannan ta ɗauki kwamfutarta ta fita gindin bishiya, ta zauna a tabarma tsakiyar manoman.

Yanzu ofishinta yana Lagdo, kusa da rumfar mahaifinta, kuma mahaifin nata ne yake nuna wa baƙi ƙofar ofishin. Baba Hamadu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Darbejiyar ma an sare ta da aka yi ginin nan.

Ku da kuke shirya yara su fuskanci alƙalai, ina jin kuna koya musu iya magana, kuma hakan yana da kyau. Amma mutanenmu ba a baki suke ajiye godiya ba. In kuna so ku san ko aiki ya karɓu, kada ku tsare dattijo da tambaya. Ku ɗaga labule ku ga wa ya biyo shi.