Jan Ƙyallen Mai Jiniya

Kafin a datse kogin, masunci ne ɗan masunta. Bayan an datse shi sai ya zama Mai Jiniya, har sunansa ya ɓace a bakin mutane.

Bai taɓa zagin madatsar ba. Yakan ce da wutarta aka yi wa matarsa aiki a asibiti, ita ke juya injin niƙa. Amma in ya tsaya kan gada ya dubi ƙasa, sai ya kawar da kai. Inda kwalekwale ke wucewa dā ya koma farin yashi, da ɗan siririn ruwa kamar zare. Kifi ya ƙare, tsuntsaye suka bi bayansa. Itatuwan gaɓa suka bushe a tsaye, suka ƙi faɗuwa.

Aikinsa guda ne: in za a buɗe ƙofofin madatsa, ya murɗa jiniya, masu wanki da masu lambu su fito daga cikin kogin. Sai dai shi ba da jiniya yake farawa ba. Yana da yaya mace wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun suna yara, tana da ɗan lambun albasa can tsakiyar yashi inda danshi ya rage. Don haka sai ya ɗauki gorarsa mai jan ƙyalle, ya hau keke ya bi gaɓa, ya yi ta kaɗawa har ta ɗago ta gani. Sannan ya koma ya murɗa.

"Auta!" takan ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Da furfurarka kana wasan tuta?"

Shi kuma ya nuna mata da hannu: fito, ko ruwa ya yi miya da ke da albasarki.

Shekara goma sha tara ana haka, sai aka kawo sabon injiniya da sabuwar na'ura.

"Baba, yanzu daga ofis ake danna komai," in ji injiniyan. "Jiniyar ma da kanta za ta yi kuka. Je ka huta."

"Ranka ya daɗe, na'urar tana da keke?"

Injiniya ya yi dariya. "Keke kuma?"

"To wa zai gaya wa kurma?"

"Sai ta daina shiga kogi mana."

Mai Jiniya ya je ya roƙi yayar ta bar lambun. Ta dube shi sama da ƙasa. "In ci me? Wutar lantarki? Sun kwashe kogin, ɗan danshin ma in bar musu?"

Tun daga nan kullum yana gindin wata busasshiyar itaciya a bakin gaɓa, gora a cinyarsa, yana jan carbi. Ba mai gaya masa lokaci kuma, sai ya koyi na kogin. Kafin ruwa ya iso, kwaɗi kan yi tsit. Sai wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, ɗauke da warin tsohon taɓo.

Wata rana gwiwa ta hana shi fita. Ya idar da azahar a zaune, yana kan tabarma, sai labulen ƙofa ya ɗaga da kansa. Warin taɓon ya cika ɗakin. Ya kasa kunne, babu jiniya. Ya kai hannu bayan ƙofa inda gorar ke kwana, babu gora. Ya manta da gwiwa, ya fita ko takalmi babu.

Ya sami yayar tsaye a kan gaɓa, kwando a ka, fuska a murtuke.

"Ka taso ni ban gama ban-ruwa ba!" ta ce. "Kuma me ya kai ka tsakiyar kogi? Ba daga nan ka saba kaɗawa ba?"

Ya dafa ƙirjinsa ya girgiza kai: ban zo ba.

"Kar ka raina mini hankali, Auta. Da farar rigarka, ka ba ni baya, ko kallona ba ka yi ba."

Ya juya. Can tsakiyar yashi ga gorar a kafe. Iska na kaɗa mayafin yayarsa, amma jan ƙyallen ko motsi ba ya yi. Ya bi yashin da ido. Sawunta kaɗai ya gani.

Sai ga ruwa, ja jawur, ya turo rassa da ciyayi a gaba. Ya shafe lambun, ya shafe gorar. Sai a lokacin jiniya ta yi kuka.

Ofis suka ce waya ce ta tsinke. Shi dai in an tambaye shi sai ya ce, "Allah ne masani. Abin da na sani, ban je ba." Ya sami wata gorar, ya yanki wani ƙyallen, bai ƙara fashi ba sai ranar da aka ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Bayan kwana kaɗan yayar ta ɗauki kwandonta. 'Ya'yansa suka tare ƙofa, suna nuna mata da hannu cewa babu mai kaɗa mata yanzu.

"Ku ba ni hanya," ta ce. "Ai zai kaɗa."

Har yau tana can. In ta yi ban-ruwa kaɗan sai ta ɗago kai. Ba gaɓa take duba ba, tsakiyar kogi take duba.