Barcin Duna

Inusa mai zuma mutumin Matameye ne, amyoyinsa na rataye a itatuwan gawo ta hanyar Dungu. Wata shekara da ya je cin rani Kano, ya dawo da ƙwayoyi na borin jinin da kan taso masa. Mai kantin magani ya ce suna kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ya soke su a jinkar ɗaki, bai kai ga sha ba.

Yana da kare, Duna, mai binsa daji. Yana son karen, amma son da ba hannu a ciki, gudun najasa. Da sanda yake sosa masa baya.

Ranar da wata amya ta faɗo, ƙudan zuma suka rufe Duna. Karen ya iso gida fuska a kumbure, ido ya shige. Inusa ya cusa ƙwayoyin nan da yawa cikin lomar tuwo, ya jefa masa. Karen ya haɗiye da ƙyar, ya kwanta a gindin rumbu, ya yi shiru.

Inusa ya zungure shi da sanda, ko motsi.

"Malam, ɗora hannu ka ji mana," in ji matarsa Balki.

"Da alwalata? Ke ba ki ga ya tafi ba?"

Ya zarga masa igiya a ƙafafu, ya ja shi bayan gari, ya ɗaure a kututture don kada wata dabba ta jawo mushen kusa da gidaje.

Da damina ta yi nisa, borin jini ya taso wa Inusa. Ya sha ƙwaya guda da hantsi. Bai farka ba sai la'asar, Balki na tsaye a kansa.

"Wannan barci! Na girgiza ka har na fara salati. Sai da na kanga kunne a ƙirjinka hankalina ya kwanta."

Inusa ya tashi. Ya sa takalmi ya nufi bayan gari. Kututturen na nan, da guntun igiya a jiki, an tauna ta har ta tsinke. Haƙorin wa, Allah kaɗai ya sani. Wajen akwai kuraye.

Inusa bai sake kiwon kare ba. Amma har ya tsufa, duk gidan da aka yi rasuwa a unguwar, kafin a ɗora ruwan wanka sai ka ji muryarsa daga zaure, a hankali: "An dai saurari ƙirjin da kyau ko?"