Gidan Sauron Da Na Rufa Wa Barkono

A Mabai mun san lokacin zazzaɓi kamar yadda muka san lokacin shuka. Da zarar malka ta kankama, ruwa ya kwanta a ramukan da muka ɗebi ƙasar gini, sai ka ji gida-gida ana nishi. Amma ba sauro muke zargi ba. Sabuwar masara muke ɗora wa laifi, ita da ɗanyar gyaɗa, tunda tare suke isowa da ciwon.

A bazarar wannan shekara ma'aikatan lafiya sun raba gidan sauro, muka samu biyu: ɗaya na mahaifiyata, ɗaya na ɗakin matata da 'yarmu mai shekara huɗu. Ni kuwa ina da renon barkono a bayan gida, kajin maƙwabta sun sa shi a gaba. Na dubi gidan sauro sabo fil, na dubi renona, sai wayo ya zo mini. Kowa ma a unguwar haka yake yi.

Matata ta ce, "Malam, na ɗiyar taka za ka ɗauka?"

Na ce, "Aro ne. Sauron ai bai taho ba tukuna. Barkonon nan shi ne kayan Sallarta."

Yarinyar ce ma ta riƙe mini gefe ina kafa sanduna, tana ƙyalƙyala dariya wai barkono zai yi barci.

Da na yi dashe na kwance shi, amma rana da awaki sun gama da shi, kowace huda hannu yana wucewa. Na ce zan sayo sabo ranar kasuwa. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ina can gona ina fama da ciyawa.

Ranar da jikin yarinyar ya yi zafi, mahaifiyata ta taɓa goshinta ta ce, "Masarar jiya ce. Ku dafa mata darbejiya, gobe za ta miƙe." Na yarda, don ni ma abin da nake so in ji ke nan. Kwana biyu muka yi muna jiran goben. A na uku da hantsi ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Na ɗauko babur, uwar ta rungume ta a bayana, muka yi ta kutsa laka har asibitin Kankara. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya shanye mata jini, ya kai ga kai. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Matata ba ta taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Barkonon kuwa ya yi kyau, irin kyan da bai taɓa yi ba. Da kaka na tsinko buhun farko na shigo da shi gida don a shanya. Matata ta kwance bakinsa, ta daɗe tana kallon jan da ke ciki, sannan ta ɗaure.

Ta ce, "Malam, ka kai shi wani gidan."