Ƙofar Hajiya a hawa na biyar

Gidan da muke haya a unguwar Morrisania, nan ƙasar waje, dogon bene ne na jan bulo, irin wanda gwamnati ke biyan wani kaso na hayar mu cika sauran. Wani kamfani ne ke da shi. Ba mu taɓa ganin fuskar masu kamfanin ba, sai ofishinsu da ke ƙasa da kuma mai kula da ginin, wanda kowa ke kira sufa. Ni da mai ɗakina a hawa na biyar muke. Daura da mu akwai wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi da muke kira Hajiya, ita kaɗai take zaune. Gwiwoyinta sun gaza, da ƙarfen dogarawa take zuwa kicin daga gado. A ƙarshen baranda kuma wani direban tasi ne Bakano. Ni Badamagare ne, don haka tun ranar da muka san juna bai taɓa gaishe ni babu tsokana ba.

Ban yi lakwal, wato boko, a gida ba, allo kawai na yi. Na daɗe ina sayar da bel da huluna a Canal Street, Turancin ciniki na bakina, amma takarda in ta zo sai na nemi mai karanta mini. Sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin manya a ɗakin karatu na unguwa. Bakano ya ce tsohon biri ya tafi koyon rawa. Na ce masa na ji, na ci gaba da zuwa.

Wata rana malamarmu ta gayyato wani ɗan kwana-kwana ya yi mana bayani. A hankali yake magana don mu gane. Ya ce a gini irin namu hayaƙi ya fi wuta kisa, kuma in wutar ba a ɗakinka ta tashi ba, sau da yawa zama a ciki da ƙofa a rufe ya fi fita baranda. Ya ce ba a shiga lif in ana gobara. Sannan ya je ƙofar ajin ya buɗe ta, ya saki. Ta tafi da kanta ta rufe, muka ji ƙarar shigar harshen makullinta. Ya ce kowace ƙofar ɗaki a gidan haya haka ya kamata ta yi, in kuwa ba ta yi, gyaran na mai gida ne, ba na ɗan haya ba.

Da na dawo na gwada tamu, ta rufe. Ta Hajiya kuwa ban ma buƙaci gwadawa ba. Ƙarfen da ke jan ta ya daɗe da mutuwa, ƙofar ta sunkuyo tana gogar ƙasa, sai an ɗaga ta da kafaɗa take shiga mazauninta. Hajiya ba ta da wannan ƙarfi. Da safe mai ɗakina ke buɗe mata in ta kai mata koko, ta wuni a buɗe, bayan magariba ni ko Bakano mu rufe mata. Ita abin ya yi mata daɗi. Tana zaune a kujerarta tana amsa sallamar duk mai wucewa, kuma tana alfahari da cewa ta san abin da kowa ya dafa a hawanmu, har da wadda shinkafarta ta kama. Ni kuma tun daga ranar, duk lokacin da na wuce na gan ta, abin da nake gani shi ne tsohuwar da ba ta iya sauka matakala, ba ta kuma iya rufe ƙofarta.

Na faɗa wa sufa, ya ce an yi odar ƙarfen. Na sake tuna masa, ya ce yana hanya. Na sauka ofis, matar da ke wurin ta yi murmushi ta ce sun rubuta. Sanyi ya wuce, bishiyoyin titi suka yi ganye, ƙarfe bai iso ba. Malamarmu ce ta nuna mini lambar da ake kai wa birni ƙorafin gidaje. Na kira da kaina, na faɗi adireshi da lambar ɗakin Hajiya harafi bayan harafi. Suka ce za su turo jami'in duba gidaje.

Ranar da ya zo ina kasuwa. Da yamma na dawo na tarar da baranda a share tas, ƙamshin turaren wuta ko'ina, an rataya sabon labule a ƙofar Hajiya. Bakano ya tare ni yana dariya ya ce sun fitar da ni kunya. Wai da ya ga mutum da takardu yana neman ɗakin Hajiya, ya riga shi isa, ya jingina bayansa da ƙofar kamar mai girmama baƙo, bai matsa ba har aka gama. Hajiya ta ba jami'in dabino da ruwa. Da ya tambaye ta ko akwai matsala, ta ce babu komai sai godiyar Allah. Bakano ya ƙara da cewa ai an riga an gyara. Da baƙon zai fita ya rako shi, ya ɗaga ƙofar da kafaɗa a ɓoye ya rufe.

"Kai Badamagare," in ji shi, "a garinku haka ake yi? Baƙo ya zo daga gwamnati ka nuna masa inda gida ya yage?"

Raina ya ɓaci, amma na san ba mugunta suka yi ba. Haka aka rene mu duka. In baƙo zai zo, tabarmar da ta yage ita ake naɗewa, kwanon da ya fashe a tura shi bayan randa. Da ni ne ban je ajin nan ba, da ni zan riƙe ƙofar. Na shiga ɗaki na ci tuwona.

Washegari na je gaida Hajiya. Ta ce in zauna, ta san abin da ya kawo ni. Ta ce gidan da ya rufa maka asiri ba ka tona masa, kuma ta ga mutanen da suka yi ƙara a ƙasar nan suka ƙare a titi da kayansu, ita a shekarunta ina za ta? Na ce mata an gaya mana doka ta hana a kori mutum don ya nemi gyara. Ta ce doka a takarda take, ita kuwa a ɗaki take kwana. Ban ja da ita ba. Na ci gaba da zuwa gaisuwa kamar kullum, wani lokaci in taɓo zancen, wani lokaci mu yi hirar Kumasi da kasuwarta in tashi.

Wata la'asar ina zaune wurinta ta ɗaga hanci ta ce matar hawa na huɗu ta sake ƙona albasa. Ni ban ma ji ba sai da ta faɗa.

Na ce, "Inna, ta ina ƙaurin ya same ki?"

Ta nuna ƙofa da carbinta.

"To ta nan hayaƙi zai shigo. In da rana ne, ina Canal Street, Bakano yana kan titi, mai ɗakina ta tafi aiki. Wa zai ɗaga miki ita?"

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, in sake kiran su. Amma ta ce ita bakinta ba zai iya kai ƙarar mai gida gaban baƙo ba. Na ce ba sai ta ce komai ba, ƙofar za ta yi bayanin kanta, in dai an bar ta.

Na sake kira. Tun da wannan karon ba su faɗi ranar zuwa ba, na bar teburina a hannun wani ɗan garinmu na zauna a gida. Kujera na fitar baranda, littafin karatuna a cinya, ina haɗa baƙi ina jira. Na roƙi mata kada a rataya labule. Bakano kuwa na ce masa in baƙon ya zo yana gida, ya zuba hannayensa a aljihu. Ya ce wato Badamagare ya koyi abacada ya zama gwamna.

Jami'in da ya zo wani ne daban, dattijo mai tabarau. Na gaishe shi na kai shi ƙofar. Na buɗe ta sosai na saki. Ta ɗan motsa, ta gogi ƙasa, ta tsaya a buɗe.  Na ga hannun Bakano yana fitowa daga aljihu, na dube shi, ya mayar. Ni kaina kunya ta kama ni, kamar na kwance wa gidanmu zane a kasuwa, amma na tsaya inda nake. Jami'in ya gwada da kansa, ya duƙa ya duba ƙarfen, ya ɗauki hoto. Sannan ya leƙa ya tambayi Hajiya ko lafiya. Ta buɗe baki, na san abin da ya saba fitowa. Sai ta juyo wurina.

"Ɗana, gaya masa ni lafiyata lau. Ƙofar ce ba ta da lafiya."

Na gaya masa da Turancina. Ya rubuta. Dabinon ma ya ci, don Hajiya ba ta yarda ya fita haka ba.

Ba a daɗe ba sufa ya hawo da wani kafinta da sabon ƙarfe a kwali. Bai dube ni ba, ni kuma na gaishe shi kamar yadda na saba. Suka cire ƙofar, suka canja maratayanta, suka ɗaura ƙarfen. Da suka gama sufa ya miƙa wa Hajiya takarda ta sa hannu cewa an yi aiki. Ta ture ta wurina ta ce ɗanta ya fara dubawa. Na sa yatsa na bi layin a hankali, kafinta yana duba agogo. Na gane lambar ɗakin, na gane kalmar ƙofa, na gane inda aka ce tana rufe kanta. Na ce to bari mu gani. Na buɗe na saki. Ta tafi sumul har bakin mazauninta ta tsaya, harshen bai shiga ba. Na ce da saura. Kafinta ya yi tsaki ya sake fito da sukudireba ya ɗaure ƙarfen. Na sake saki. Wannan karon ta shige, muka ji ƙarar da na ji a aji. Sannan na ce wa Hajiya ta sa hannu.

Babu wanda ya kore ta. Tana nan a ɗakinta, kuma tana mita. Ta ce na raba ta da labarin duniya, yanzu sai shinkafa ta ƙone ƙurmus ba ta sani ba. Ta taɓa cewa mai ɗakina ta kawo mata turmi ta tokare ƙofar, mai ɗakina ta ce sai ta tambaye ni, Hajiya ta ce a bar shi kawai, ba ta son wa'azi. Abin da muka yi shi ne, duk mai wucewa a hawanmu sai ya ƙwanƙwasa ya yi sallama, in yana da lokaci ya shiga ya ba ta labarin da hancinta ya rasa.

Bakano har yau yana cewa Damagarawa ba su iya karɓar baƙo ba. Amma ran nan na fito zan tafi masallaci na same shi a bakin ɗakinsa yana buɗe ƙofarsa yana saki, yana kasa kunne. Da ya gan ni ya ce iska yake sha. Na ce Allah ya ba da lafiya, na wuce, na ƙwanƙwasa wa Hajiya na gaishe ta. Da na fito ban ja ƙofar ba, na tsaya har na ji ta rufe sannan na sauka.